Daga Ɓoye Yaro a Rumbu zuwa Layin Kwankur: Tarihin Ƙofar Kwaleji a Nijar

A ƙarshen shekarar karatu da ta wuce wani dattijo ya same ni a ƙofar aji. Bayan mun gaisa, ya cire hularsa ya zaro wata takarda da ya naɗe a cikinta. Sakamakon ɗansa ne, yaron da ya fi kowa ƙoƙari a ajina na CM2. Ya ce, "Mushe, an ce mini akwai makarantar soja a Yamai, inda gwamnati ke ci da yaro, ta tufatar da shi, ta koya masa karatu. To ga yaro, ga takardarsa." Na ce masa, "Baba, an rufe karɓar takardu tun makonni uku da suka wuce." Ko da ba a rufe ba, yaron ba shi da takardar haihuwa. Dattijon ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce, "To, babu rabonsa ke nan," ya mayar da takardar cikin hula ya tafi.

Na yarda da rabo kamar kowa. Amma na san sanarwar kwankur ɗin ta zo makarantarmu a kan lokaci, na karanta ta sau ɗaya a gaban yara da Faransanci, na liƙa ta a bango, ban aika a kira uban kowa ba. Wannan ne ya sa na koma tunanin yadda aka faro ƙofar nan ta makarantar gaba da firamare a ƙasarmu, da yadda iyaye suka yi ta fama da ita tun zamanin kakanninmu. Abin da na gano shi ne, tun daga ranar farko jarrabawar shiga tana auna abu biyu: kan yaro, da kuma abin da gidansu ya sani kuma yake iya ɗauka.

Zamanin da ake kama yara

Faransawa sun soma wannan al'amari a Senegal. A tsakiyar shekarun 1850 gwamna Faidherbe ya buɗe wata makaranta a Saint-Louis wadda sunanta ma ya isa bayani: makarantar waɗanda aka riƙe jingina. Ƴaƴan sarakuna ake karɓowa a ajiye a can, don iyayensu su yi biyayya, su kuma yaran su koyi harshen mai mulki. Daga baya aka sauya mata suna zuwa makarantar ƴaƴan sarakuna da tafintoci.

Da suka ci Damagaram a 1899, suka kafa mulki a ƙasar da ta zama Nijar, da wannan tunanin suka zo. Kumandan yana bukatar tafinta, da magatakarda, da mai buga waya, da mai taya likita aiki. Sai ya aika wa sarki cewa yana son yara kaza daga ƙasarsa. Sarki ya raba wa masu gari, dogarai su fita nema. Ga talaka, kamun lakwal bai bambanta da haraji ko aikin dole ba, abu ne da ke saukowa daga sama a ɗauke maka hannun da zai taya ka noma.

A ƙasar Hausa kuma akwai wani dalilin. Muna da makarantunmu na allo, muna da hanyar neman ilimi da ta bi ta Katsina da Kano da Zariya. Mutum yana ganin lakwal wurin da yaro zai bar salla ya koyi raina iyaye. Don haka dabarar iyaye ta farko ita ce gudu. A ɓoye yaro a rumbu, a tura shi gabas almajirci, a kai wa mai gari ɗan akuya don ya tsallake gidan. Sarakuna da yawa sun hana nasu ƴaƴan, suka miƙa ƴaƴan bayi da na barori, da marayu, da ƴaƴan wanda suke jin haushinsa. Kusan kowane tsohon gari yana da irin wannan labari, kuma ƙarshensa ɗaya ne: bayan shekara ashirin yaron da aka bayar don ba shi da gata ya dawo da farar riga yana zaune kusa da kumandan, ɗan sarki yana tsaye a waje yana jiran a fassara masa.

A 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Makarantu da ofisoshi suka fi taruwa a yamma, shi ya sa yawancin ƴan bokon farko na ƙasar daga can suka fito. Nisan gida da makaranta ya shiga lissafi tun daga lokacin, kuma har yau bai fita ba.

Tsani mai ƙunci

Tsarin da Faransa ta shimfiɗa a Afirka ta Yamma kamar tsani yake, kowane mataki ya fi na ƙasa ƙunci. Akwai makarantar ƙauye, inda ake koyon Faransanci da ɗan lissafi. Waɗanda suka fi a kai su makarantar yanki a babban gari, inda ake samun sartifika. Daga nan ƴan kaɗan su wuce babbar firamare ta ƙasa. A can ƙoli kuma sai makarantar William Ponty a Senegal, wadda ta zauna a tsibirin Gore daga 1913, daga baya aka mayar da ita Sebikotan. Da kwankur ake shiga Ponti, kuma yaran ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa duka ne ke takara a kan kujeru ƴan kaɗan.

A dubi tafiyar waɗanda suka haye. Bubu Hama, wanda aka haifa a Foneko a yankin Tera, ya bi ta Tera, da Dori, da Wagadugu, sannan Gore, ya dawo a 1929 a matsayin malamin makaranta na farko ɗan Nijar da ya fito daga Ponti. Jori Hamani, shugaban ƙasa na farko, sai da ya je Porto-Novo a Dahome kafin Ponti. Jibo Bakari ma ta Ponti ya bi. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi karatu a Damagaram, ya wuce Yamai, ya wuce Senegal, ya ƙare a Paris, inda a 1956 ya ci babbar jarrabawar malaman kimiyyar fizik. Shi ne ya jagoranci binciken hasken rana a ƙasar nan, kuma sunansa jami'ar Yamai ke ɗauke da shi. Akwai kuma wata hanyar ta soja: Saini Kunce ta makarantun ƴaƴan soja na Kati a Mali da Saint-Louis a Senegal ya bi.

Mukan karanta waɗannan sunaye mu yi alfahari, kuma ya dace. Sai dai mu tuna da uwar da aka ɗauke wa yaro ɗan shekara takwas, ta yi shekaru ba ta gan shi ba sai labari daga bakin fatake. Mu kuma tuna cewa ba a gina tsanin don a ilimantar da jama'a ba. Adadin kujerun yana bin adadin ma'aikatan da mulki ke bukata. In ana son magatakarda goma, goma za a ɗauka, ko da yara ɗari sun cancanta. Wannan shi ne asalin bambancin jarrabawa da kwankur. A jarrabawa, duk wanda ya kai maki ya ci. A kwankur, sai ka fi na kusa da kai. Lokacin da muka sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke makarantar boko ba su kai biyar cikin ɗari ba, kuma Nijar na cikin na baya a duk yankin.

Zamanin bursi da makarantar kwana

Bayan ƴanci lissafin iyaye ya soma juyawa. Turawa sun tafi, kujerunsu sun zama fanko, duk mai takarda yana da aiki yana jiransa. Wanda ya gama kwaleji ana iya ɗaukarsa malami, ko malamin asibiti, ko ma'aikacin gidan waya, ko malamin gona. Uban da kakansa ya ɓoye yaro a rumbu ya ga maƙwabcinsa yana karɓar kuɗi ta gidan waya kowane ƙarshen wata, ya ga an yi masa rufin kwano, ya ga an biya masa Makka. Ba a bukaci dogari ba kuma.

Amma ƙofar tana nan da ƙuncinta. A ƙarshen firamare yaro yana fuskantar abu biyu, sartifika da shiga sizyam. Yana iya cin sartifika a ce masa babu wuri a kwaleji. Akwai iyakar shekaru, wanda ya wuce ta ko ya fi kowa ba a ɗaukarsa. Akwai dikte, wanda kuskure biyar a cikinsa sifiri ne. Ƴan'uwana malamai sun san yara nawa masu kan lissafi wannan dikte ya mayar gona. Yaron da bai taɓa jin Faransanci ba sai a aji, wanda ake rataya wa sambol a wuya in ya yi Hausa a filin makaranta, shi ake gwadawa da ɗan ma'aikacin da ke jin harshen a gida tun yana rarrafe.

Wanda ya haye kuwa, gwamnati ta ɗauke shi ɗungurungum. Kwalejoji kaɗan ne, a manyan garuruwa suke, lise kuma da farko sai a Yamai, wadda ake kira Lise Nasiyonal, yau Isa Korombe. Daga baya aka sami irin su Amadu Kuran Daga a Damagaram, da Ɗan Baskore a Maraɗi, da Agabba a Tawa. Yaron da aka tura nesa da gida yana samun wurin kwana da abinci, ko kuma a ba shi kuɗin tallafin karatu, wato bursi, ya zauna a gidan mai riƙo. Littattafai da kayan rubutu daga makaranta suke. Yayyenmu da suka yi karatu a shekarun 1970 suna ba mu labarin yadda suke rage wani abu daga bursi su sayo wa uwa turmin atamfa ko su kawo wa uba sukari da shayi lokacin hutu. Ɗan makaranta ya soma ciyar da gida tun kafin ya soma aiki.

Kuɗin yuraniyom ya taimaka. An soma haƙarsa a Arlit a 1971, farashinsa ya tashi a tsakiyar shekarun 1970, gwamnatin Kunce ta gina azuzuwa da kwalejoji a garuruwa da dama. An buɗe cibiyar karatun gaba da lise a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973. Masu bak da yawa sun tafi Dakar, da Abijan, da Faransa, da Tarayyar Sobiyet, da ƙasashen Larabawa da kuɗin gwamnati. Ga iyayen da ke ƙyamar lakwal kuma an buɗe hanyar Faransanci da Larabci, wadda ta faro da madarasar Sayi a 1957.

A wannan zamani ne iyaye suka koyi sababbin dabaru. Ta farko rage shekaru. Yawancin yaran karkara ba su da takardar haihuwa, a rajista "an haife shi wajen shekara kaza" ake rubutawa. In yaro ya faɗi kwankur kuma shekaru na neman kama shi, sai a je gaban alƙali da shaidu biyu a yanko sabuwar takarda, a sauya masa suna, a kai shi wata makaranta ya sake CM2. Mutane nawa ne a cikinmu ke da sunan gida da sunan takarda? Ta biyu neman mai riƙo: a tuna da wani ɗan garin da ke kasuwanci a Maraɗi ko yake gadi a Damagaram, a kai masa yaro da buhun hatsi. Ta uku kusantar mushe, domin shi kaɗai ya san ranar da ake rubuta suna da takardun da ake nema. Ko a zamanin da gwamnati ke biyan komai, yaron da ubansa ya san waɗannan hanyoyi ya fi damar hayewa.

Lokacin da aljihun gwamnati ya huje

A farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, fari na 1984 ya biyo baya, bashi ya taru. Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka zo da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu. Ra'ayinsu a kan ilimi shi ne, kuɗin da ake kashewa a bursi da ciyar da ƴan kwaleji da ƴan jami'a ya yi yawa, gara a karkata shi ga firamare inda yawancin yara suke. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin ƴan kaɗan ne ke cin moriyar wancan tsari. Amma abin da uba ya gani a ƙauye shi ne an rufe ɗakunan kwana, bursi ya ragu, kuma ba ya zuwa a kan lokaci. Aka daina ɗaukar duk mai takarda aiki kai tsaye.

Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito zanga-zanga a Yamai a kan waɗannan matakai, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, aka kashe uku bisa ƙidayar hukuma. Wannan jini yana cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga Babban Taron Ƙasa na 1991. Shekarun da suka biyo baya na yajin aiki ne da albashin da ba a biya ba, har aka yi shekarun da aka soke karatunsu gaba ɗaya. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin littafi da na alli suka tashi.

Ni a wannan lokacin na shiga sizyam. Ina tuna daren da muka kewaye rediyon maƙwabcinmu muna jiran sakamako, da yadda mahaifiyata ta rangaɗa guɗa. Ina kuma tuna abin da ya biyo baya, wanda ba a yi masa guɗa ba. Babana ya sayar da ɗan bijiminsa, ya kai ni birni gidan wani ɗan garinmu. A zaure nake kwana, ni ke ɗebo ruwa da asuba kafin in tafi makaranta, karatun dare kuma sai ƙarƙashin fitilar titi. Mu bakwai muka ci daga makarantarmu. Biyu muka kai BEPC. A cikin biyar ɗin da suka koma akwai wanda ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba, mai riƙonsa ne ya ce ba zai iya ƙara baki a tukunya ba. Yarinya ɗaya da ke cikinmu ko wata uku ba ta yi ba, ubanta ya ce ba zai bar ɗiya mace a gidan da bai san tarbiyyarsa ba. A lokacin na ga laifinsa. Yau da nake da ƴaƴa mata na fahimci tsoronsa, ko da ban bi shawararsa ba.

Ƙofa ta buɗe, tankaɗe ya koma ciki

A 1998 aka kafa dokar da ta tsara tafiyar ilimi a Nijar, a 2003 aka soma shirin shekara goma na bunƙasa shi. Aka gina makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa gani ba, aka ɗauki dubban malaman kwantiragi, aka buɗe kwalejojin karkara, da yawansu a rumfunan zana. Yara suka cika azuzuwa. Har aka kai ga dakatar da jarrabawar CFEPD na wajen shekara goma, ana wucewa sizyam da makin aji, kafin a maido da ita a 2024. Babu mai gardama cewa yau ɗan talaka ya fi samun shiga kwaleji fiye da kowane zamani a baya, kuma wannan ci gaba ne.

Sai dai tankaɗe bai tafi ko'ina ba, wuri ya sauya. Da a bakin ƙofa ake tankaɗe yara, yanzu a cikin ɗaki ake yi. Yaro ya shiga sizyam bai iya karanta jimla ba, ya zauna cikin aji mai cunkoso, a ƙarshen shekara a kore shi. Wanda ya tsira ya tarar da BEPC, wadda a shekaru da dama waɗanda suka faɗi sun fi waɗanda suka ci. Iyaye masu hali suka gane haka da wuri, suka kwashe ƴaƴansu zuwa makarantun kuɗi, waɗanda suka yawaita a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa tun daga shekarun 1990. Suka ƙara da malamin gida da yamma. Abin da gwamnati ke ɗauka a da, wato abinci, da makwanci, da littafi, da malamin da ke da lokacin yaro, ya dawo kan uba.

A saman wannan kuma akwai ƴan makarantun da suka gaji tsohon tsari na zaɓe da ɗaukar nauyi. Akwai makarantar ƴaƴan soja ta Yamai, Piritane, wadda aka buɗe a 1996, tana ɗaukar yara daga CM2 da kwankur da gwajin lafiya da iyakar shekaru. Akwai lisen zaƙaƙurai ta Yamai, wadda ke ɗaukar waɗanda suka yi fice bayan BEPC. Bayan bak akwai hukumar ANAB da ke kula da bursi, har da guraben karatu da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke bayarwa. Ga ƴan mata kuma an soma gina ɗakunan kwana a kwalejojin karkara, irin wanda aka buɗe a Kelle cikin jahar Damagaram a 2021, wanda amsa ce ga irin tsoron da uban abokiyar karatuna ya ji shekaru talatin da suka wuce.

Waɗannan wurare a takarda na kowa ne, kuma na ga ƴaƴan talakawa da suka shige su da ƙoƙarinsu. Amma a duba abin da ake bukata kafin yaro ya zauna a kan tebur ranar kwankur. Sai an ji sanarwa a kan lokaci. Sai an haɗa takardar haihuwa, da ta ɗan ƙasa, da hotuna, da shaidar likita, wasunsu sai an je babban gari. Sai shekarun yaro ba su wuce ba, ma'ana an sa shi makaranta da wuri kuma bai maimaita aji da yawa ba. Sai ya taɓa ganin irin tambayoyin da ake yi. Sai an sami kuɗin mota da wurin sauka a garin da ake jarrabawar. Ɗan ma'aikaci a birni an gama masa duk wannan tun yana CM1, ubansa yana da tambayoyin shekarun baya a wayarsa. Ɗan manomi kuwa sau da yawa ana kayar da shi tun bai ɗauki alƙalami ba. Daga nan sai a fitar da sakamako, mu ce waɗanda suka ci su ne suka fi ƙoƙari, alhali a cikin waɗanda suka iso ɗakin jarrabawa kawai aka zaɓa.

Akwai kuma ɓarnar da wannan tsere ke yi a gidajen masu hali ɗin kansu. Na ga yaro ɗan shekara goma sha ɗaya da ke fita daga aji ya shiga darasin gida har isha, babu wasa, babu hutun Lahadi, ya faɗi kwankur ɗin da kujerunsa ba su kai yawan masu nema ba ko kusa, uba ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa. Faɗuwa kwankur ba shaidar daƙiƙanci ba ce. Tun zamanin Ponti, yawan kujeru ne ke yanke hukunci. Na ga kuma masu zuwa da ambulan suna neman wanda zai "taimaka", wasu ƴan damfara su cinye kuɗin, wasu su sami abin da suke so su koya wa yaro tun yana ƙarami cewa da kuɗi ake sayen maki.

Abin da ke hannunmu

Ƙara yawan kujeru, da gina ɗakunan kwana, da biyan bursi a kan lokaci aikin gwamnati ne, kuma ya kamata ƙungiyoyin iyaye da na malamai su ci gaba da matsa mata. Amma tarihin nan ya nuna akwai wani kaso da ya daɗe a hannun mutum biyu, uba da mushe.

Ga iyaye, maganar takardar haihuwa ita ce farko. A yanke ta tun ana cikin kwanakin suna, domin a lokacin ba ta da wahala. Wanda ya makara ya nemi ta alƙali tun yaro yana ƙananan azuzuwa, kada a bari sai CM2, kuma a tabbata sunan da ke cikinta shi ne na rajistar makaranta harafi da harafi. A sa yaro makaranta a shekarun da aka ƙayyade. A je wurin darakta tun farkon shekara a tambaye shi kwankur nawa ne yaron zai iya shiga, yaushe ake buɗewa, me ake nema. Mai tambaya ba ya ɓata, kuma babu kunya a cikin uba ya ce bai iya Faransanci ba a fassara masa. In za a kai yaro gidan riƙo, a je da ƙafa a ga inda zai kwana, a yi magana a fili a kan abinci da aikin gida, a riƙa leƙawa. Kuma a ajiye hanya ta biyu a zuciya, domin kwalejin gari da makarantun koyon sana'a su ma sun fitar da mutane.

Ga mu malamai kuwa, mu tuna cewa yawancinmu wani mushe ne ya taka har gida ya gaya wa ubanmu abin da bai sani ba. A ƙauyuka da yawa har yau mu ne rediyo, mu ne jarida. Sanarwar da aka liƙa a bango da Faransanci ba ta isa ga wanda aka yi ta dominsa ba. A kira taron iyaye a faɗe ta da Hausa, a ba liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, a aika ta murya a WhatsApp na unguwa. A ware yara uku ko huɗu da suka yi fice tun daga CM1, maza da mata, a binciki takardunsu, a nemo musu tambayoyin shekarun baya daga abokan aiki na birni. Wannan ba ya bukatar izini daga Yamai.

Dattijon nan yana da ƙaramar ɗiya a CE2, kuma kanta ya fi na wanta. A watan Oktoba na je gidansa da kaina, muka zauna a kan tabarma na lissafa masa abin da ake bukata ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Mushe, ashe abin da tsari yake." Mun kai maganar takardarta gaban alƙali, an ce mu dawo da shaidu biyu ranar kasuwa mai zuwa. Allah ya raya mana su, ya sa mu sauke nauyin da ke kanmu.